Kayan Zuwa Ofis Ga Mace: Amsa Ga Wata Ƙanwa 'Yar Daura

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Daura ce, aure ya kawo ni Katsina bara. Allah Ya sa na samu aikin gwamnati a sashen mulki na wata ma'aikata, kuma an ce in fara zuwa a farkon watan Maris. Akwatunan lefena cike suke da leshi da atamfa, amma waɗanda aka ɗinka kusan duk ɗinkin biki ne, ga duwatsu ga manyan hannuwa. Wata ƙawata da ke aiki a Abuja ta ce sai na sayi kwat da siket irin na Turawa kafin a ga girmana a ofis, maigidana kuma ya fi son in riƙa fita da hijabi har ƙasa. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Don Allah wane irin kaya ya dace da ni, kala nawa zan fara da su, kuma ta yaya zan fita kunyar ofis ba tare da na saɓa wa gida ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina taya ki murna, Allah Ya sanya albarka a cikin aikin, Ya sa ki fara a sa'a, Ya haɗa ki da abokan aiki na gari. Idan na fahimce ki da kyau, damuwarki ta kasu uku: kina son sanin irin suturar da ofis ke karɓa, kina tsakanin shawarar ƙawa da ra'ayin maigida, sannan aljihu bai ba ki damar sake sutura gaba ɗaya ba. Na yi shekara 9 ina aiki a sashen ajiye fayilolin ma'aikata a nan Katsina kafin in ajiye in koma kan keken ɗinkin da na koya a wurin gwaggona, kuma yau shekara 14 ke nan mafi yawan masu kawo mani ɗinki ma'aikata ne, daga malaman makaranta zuwa ma'aikatan banki. Da abin da na gani a kujerar ofis da abin da na gani a kan teburin yanka zan amsa maki.

Tushen rikicin da yawancinmu ke shiga shi ne idonmu ya saba auna tufa da ma'aunin biki. Tun muna yara abin da ake kira kaya masu kyau shi ne na Sallah da na anko, wato mai tsada, mai walƙiya, mai fitowa a hoto. To amma kayan biki an ɗinka su ne domin zaman awa 3 ko 4 a kan kujera, ana kallonki kina kallon mutane, ba ki ɗaga komai sai jaka da waya. Kayan ofis kuwa za su bi ki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, za ki shiga Keke Napep da su, ki hau bene, ki durƙusa ki jawo durowar ƙasa, ki miƙa hannu ki sauko da fayil daga saman kabad, ki yi alwalar Azahar, wata rana har da ta La'asar, kuma za a ɗauke wuta fanka ta tsaya kina cikinsu. Saboda haka duk tufar da za ki zaɓa, ki fara tambayar kanki ko za ta iya wannan yinin.

Ni kaina da kunya na koyi wannan darasi. A makona na farko na sa wani leshi ruwan hoda daga cikin lefena, mai hannu kamar bakin algaita, an jera mashi duwatsu tun daga wuya har ƙirji. Kafin ƙarfe 11 bakin hannun ya sha tawadar hatimi, domin duk lokacin da na miƙa hannu in buga wa takarda sai ya share kan kushin tawadar. Duwatsun suka riƙa kama zaren mayafina suna ja, har mayafin ya yi gashi-gashi. Da lokacin sallah ya yi, ɗinkin ya matse daga dantse zuwa gwiwar hannu, na rasa yadda zan naɗe shi in wanke hannu yadda ya kamata, sai da na nemi ɗaki na zare hannu ɗaya daga cikin rigar. Wata dattijuwa da ta daɗe a ofishin ta dube ni sama da ƙasa, ta ce cikin murmushi, "Ɗiyata, yau biki ake a gidanku?" Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban sake sa leshin nan zuwa aiki ba.

Maganar kwat

Ƙawarki ba ƙarya ta yi maki ba, ta dai faɗi abin da ta gani a inda take. Bankuna da kamfanoni masu zaman kansu da wasu manyan ofisoshi na Abuja suna da tsarin sutura da suka gada daga Turawa, wasu ma a rubuce yake cikin takardar ɗaukar aiki, kuma a irin waɗannan wurare ranar Juma'a ce aka fi sakin mara a sa kayan gida. Akwai kuma sana'o'in da suturarsu ba ta hannun mai sawa: lauya da za ta tsaya gaban alƙali baƙi da fari za ta sa, ma'aikaciyar jinya kuma tana da yunifom ɗinta. Amma ke ma'aikatar gwamnati za ki shiga a Katsina, kuma idan kika tsaya a ƙofar sakatariya da safe kika kalli matan da ke shiga, har da daraktoci da manyan sakatarori, atamfa za ki gani da doguwar riga da abaya, da mayafi ko hijabi a sama. A wurinmu suturar girma ke nan, kamar yadda babbar riga da hula suke ga maza. Yarinyar da ta shigo da gajeren kwat da matsattsen siket a irin wannan wuri ita ce za ta zama abin kallo.

Sannan ki tuna lokacin da za ki fara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, kuma kwat na kanti yawanci yana da shafi na roba a ciki wanda ba ya barin iska ta ratsa. Abin da nake ba ma'aikata shawara shi ne su mallaki guda ɗaya tak, doguwa wadda ta sauko ta rufe mazaunai, mai duhun launi, wadda aka ɗinka ba shafi ko da rabin shafi, a riƙa ɗora ta a kan doguwar riga ranar da aka tura mutum taro Abuja ko Kaduna, ko ranar da za a zauna a ɗakin taro mai sanyin na'ura. Wannan ma ba sayayyar watan farko ba ce.

Yadi kafin ɗinki

Nan ne na fi son ki ba ni hankalinki, domin tela komai gwanintarsa ba ya iya gyara yadin da bai dace ba. Auduga tana shan gumi tana barin jiki ya sha iska, aibinta shi ne saurin yamutsewa. Yadin roba, wanda 'yan kasuwa ke kira foliyesta, ba ya yamutsewa kuma yana da araha, amma yana riƙe zafi, yana riƙe warin gumi ko bayan wanki, kuma a lokacin hunturu yana manne wa jiki yana tartsatsi. Lilin ya fi kowane sanyi, sai dai kafin ki sauka daga Keke ya yi kamar an kwana a kansa. Abin da ya fi dacewa da ofis shi ne auduga mai ɗan kauri, ko wadda aka haɗa da roba kaɗan amma audugar ta rinjaya. Abin takaici ne a ce jihar da ake noma auduga a yankin Funtua da Malumfashi sai mace ta yi da gaske kafin ta samu yadin auduga zalla a kasuwa, amma tun da masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kayan waje ne suka cika rumfuna, kuma mai rahusar cikinsu roba ce.

Idan kin shiga Babbar Kasuwa kada sunan da mai shago ya kira yadi ya ruɗe ki, ki gwada da hannunki. Ki damƙi gefen yadin a tafinki, ki ƙirga goma, ki saki. Idan ya miƙe nan take sumul kamar ba a taɓa shi ba, roba ce ta yi yawa. Idan ya tsaya a cukurkuɗe, za ki sha guga. Wanda ya yi ɗan layi-layi sannan ya fara sakewa a hankali shi ne naki. Daga nan ki fito da shi bakin ƙofar shago, ki sa tafin hannunki a bayansa ki ɗaga wa rana, domin fitilar cikin shago tana ɓoye shara-shara, kuma hasken da zai tona maki asiri shi ne na tagar ofis idan kin tsaya a gabanta. Idan atamfa ce, ki juya bayanta. Atamfar kirki rininta yana ratsawa, gaba da baya kusan ɗaya suke, wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne kuma ita ce mai saurin koɗewa. Ni nakan riƙe farin hankici da ɗan ruwa a jaka, in jiƙa shi in goga a gefen turmin, idan launi ya biyo hankicin na san za ta zuba, kuma atamfa mai zuba tana iya ɓata maki farar shimi da hijabi a rana ɗaya ta gumi. In kin kai gida kina da shakka, ki zaro 'yan zaruruwa ki kusanta su da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Launi ma yana da nasa lissafi. Fari yana da kwarjini amma ƙurar garin nan ba ta raga mashi, musamman a bakin siket. Baƙi wuluk yana jan zafi a hanya, yana nuna ƙurar hunturu, kuma idan gumi ya bushe a kansa yakan bar farin zane a baya da hammata. Ruwan toka mai haske da ruwan omo su ne suka fi kowane launi fallasa jiƙewar gumi. Waɗanda na ga sun fi jure yinin ofis su ne shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan makuba, kore mai duhu da ruwan hanta. A atamfa kuma ki nemi mai ƙananan zane da launi biyu ko uku. Mai manyan furanni tana cin yadi, domin sai tela ya yi ta yanka yana zubarwa kafin zanen gaba ya haɗu daidai, kuma ita ce wadda idan kin sa sau biyu kowa ya haddace ta.

Da yawa daga 'yan kasuwarmu daga Kantin Kwari na Kano suke sarowa, don haka za ki ji ana cewa ki tafi can ya fi sauƙi. Gaskiya ne ga mai sayen turmi goma. Mai sayen biyu ko uku kuwa kuɗin mota da wahalar hanya za su cinye rangwamen.

Abin da za ki gaya wa tela

Kalmar farko da za ki faɗa ita ce kayan aiki ne, kuma ki maimaita, domin hannun telolinmu ya saba da ɗinkin biki, idan kika yi shiru za a ƙara maki abin da ba ki nema ba. A wajen awo kada ki yarda a auna ki a tsaye kawai. Ki zauna a kan kujera a sake zagaya tef a ƙugu da cinya, saboda jiki yana buɗewa idan an zauna, kuma a zaune za ki yi mafi yawan yininki. Ni nakan ƙara inci 2 zuwa 3 a kan awon mazaunai, in kuma bar wajen inci ɗaya da rabi na yadi a cikin ɗinkin gefe. Ke amarya ce, in Allah Ya kawo rabo jiki zai sauya, kuma rigar da aka bar wa yadi a ciki buɗe ta kawai za a yi. Saboda wannan dalili ne ma nake son zif ko maɓallai su kasance a gaba, a ɓoye ƙarƙashin ninki, domin rigar ta ci gaba da amfani lokacin shayarwa.

Hannun riga ya sauko har wuyan hannu, kada bakinsa ya yi faɗin da zai riƙa sharar tebur, kada kuma ya matse. A sa mashi maɓalli ko roba mai laushi a baki, yadda za ki iya tura shi sama da gwiwar hannu cikin sauƙi a wurin alwala. Ki gwada wannan a gaban tela ranar karɓar kaya, kafin ki biya cikon kuɗi. Wuyan riga kuma ki gwada shi da sunkuyawa kamar za ki ajiye takarda a gaban shugabanki, idan ya buɗe a rage shi, ko da kuwa kina ganin mayafi zai rufe, domin mayafi yana zamewa. Tsawon siket ko doguwar riga ya tsaya a idon sawu, kuma a auna shi kina sanye da takalmin da za ki riƙa zuwa aiki da shi. Wanda ke jan ƙasa zai kwashi ƙura da ruwan bayan gida, kuma da wannan tufa za ki yi sallah. Siket mai matse gwiwa ya buɗe daga ƙasa ki bar wa biki, ba a hawa bene da shi cikin natsuwa. Maimakon tsaga a baya, ki ce a yi maki ninki na ciki, wanda ke buɗewa idan kin taka ya rufe idan kin tsaya.

Abu biyu ne teloli ke yawan tsallakewa sai an matsa. Na farko aljihu, a gefen dama da hagu, mai zurfin da zai ɗauki waya da makulli, domin ba kowane kira na shugaba za ki tafi da jaka ba. Na biyu shafi. Sau da yawa mace za ta kashe kuɗi ta sayi atamfar auduga mai kyau, tela ya sa mata shafin roba mai sheƙi saboda shi ne mai araha, sai rigar ta koma kamar leda a jiki. Ki sayi shafin auduga da kanki ki kai, ko kuma idan yadin yana da kauri a bar shi ba shafi ki riƙa sa shimi da siket na ciki, waɗanda za ki iya wankewa kullum ba tare da kin wahalar da atamfar ba.

Hijabi da ra'ayin maigida

Ta fuskar doka ba ki da abin tsoro. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. A Disambar 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, aka yi ta muhawara a ƙasa, daga baya a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A Yunin 2022 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi. Wancan hukunci a kan ɗalibai aka yi shi, amma ya nuna inda doka ta karkata. A Katsina kuwa ba ma a kai ga wannan magana, hijabi a ofis abu ne na yau da kullum.

Matsalar hijabi har ƙasa ta aiki ce. Kujerar ofis mai taya tana taka bakinsa, ki tashi tsaye ya finciko ki ta wuya. Yana maƙalewa a hannun durowa. Idan ba shi da hannu, duk lokacin da za ki yi rubutu ko ki taɓa kwamfuta sai kin tattare shi a kan dantse, wanda hakan ke fito da abin da ake son rufewa. Mafi hatsari kuma shi ne ranar da kika hau babur, domin bakin hijabi ko na abaya yana iya shiga cikin taya, kuma mata da dama sun ji munanan raunuka ta wannan hanya. Duk ranar da hawa babur ya kama ki, ki tattaro shi gaba ɗaya ki riƙe a kan cinya kafin a tashi.

Hanyar da na ga ta raba gardama a gidaje da yawa ita ce a yi hijabi iri biyu. Dogon shi ne na hanya da na sallah, ki fita da shi daga gida kamar yadda maigida yake so. Idan kin isa ofis ki ninke shi ki sa a durowa, ki zauna da matsakaici mai hannu wanda ya sauko zuwa gwiwa ko kusa da ita, a kan doguwar riga mai yalwa. Idan shi ya fi son dogon ko a cikin ofis, to a ɗinka mai hannu da roba a wuyan hannu, a ɗage shi daga ƙasa da kamar inci 2, a yadi mara nauyi wanda ba shara-shara ba. Kada ki yanke wannan shawara ke kaɗai ki bar shi ya gani daga baya. Ki sa kayan a gida, ki zauna a gaban tebur ki nuna mashi yadda aikin yake, domin namiji da yawa bai taɓa tunanin tayar kujera ko hannun durowa ba, kuma wanda aka yi shawara da shi ya fi saurin sassautawa. Abin da muka koya a Islamiyya daga aya ta 31 ta Suratun Nur da aya ta 59 ta Suratul Ahzab da bayanin malamai shi ne tufa ta rufe, kada ta nuna fata, kada ta bi surar jiki, kada ita kanta ta zama abin jan ido. Ni tela ce, iyakata ke nan a wannan fage, duk wani hukunci da ya wuce haka ku kai shi gaban malami ku biyu.

Ga mai son mayafi, ta guji mai santsi wanda za ta yini tana ja tana gyarawa, ta nemi mai ɗan kauri ta kama shi da fil a kafaɗa. Ɗaurin ɗankwali kuma ya zama mai sauƙin kwancewa da mayarwa, saboda shafar kai a alwala. Ɗaurin da ke cin minti 20 a gaban madubi ba na ranar aiki ba ne.

Lefe da lissafin aljihu

Kada ki ɗora lissafinki a kan albashin watan farko. A abin da na gani, sabon ma'aikaci yakan yi wata biyu ko uku kafin sunansa ya shiga takardar biya, kuma a daidai wannan lokaci ne masu kawo kaya ofis a manyan jakunkuna za su yi maki sallama da fara'a, su ce ki ɗauka sai ƙarshen wata. Na san matan da suka yi shekaru albashinsu yana shigowa yana wucewa wurin masu atamfa. Ki yi masu godiya, ki ce sai kin zauna da gindinki.

Kala 5 ko 6 sun ishe ki farawa, kuma rabinsu suna cikin akwatinki. Ki fito da atamfofin lefe da ba a ɗinka ba, ki zaɓi biyu mafi natsuwar launi. Turmi yadi 6 ne, doguwar riga mai yalwa takan ci kamar 4 ga mace matsakaiciya, a fitar da ɗankwali, wani lokaci har a samu ragowa. Sannan ki sayi yadi mara zane ki ɗinka siket biyu, ɗaya shuɗi mai duhu ɗaya ruwan ƙasa, domin kowace rigar atamfa da kike da ita za ta hau ɗaya daga cikinsu, kuma da haka kala biyu suke zama huɗu a idon mai kallo. Ki ƙara abaya ɗaya mara ado domin ranar da kika makara ko aka kwana ba wuta ba ki yi guga ba, ita ce kuma za ta rufa maki asiri a kwanakin al'ada saboda duhunta. Ranar Juma'a ki sa shadda mai ƙaramin aiki a wuya, ko leshin auduga mara duwatsu. Hijabi uku masu launin da ke shiga da komai sun fi goma masu launin da kowanne riga ɗaya kawai yake bi.

Ɗinkakkun kayan bikin kuwa ki kai wa tela ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Babban hannu ana iya rage shi, tsaga ana iya toshe ta, wuya ana iya ƙara mashi yadi. Duwatsun da aka manna da gam sukan saki idan aka ɗora dutsen guga ta bayan yadin, amma sau da yawa suna barin tabo, don haka rigar da aka cika mata su ki bar ta yadda take, bukukuwa ba su ƙarewa. Idan kuma lokacin fara aikinki ya zo kusa da Sallah, ki kai ɗinkin da wuri, domin a wannan lokaci alƙawarin tela sai a hankali, har da ni mai wannan magana.

Sauran ƙananan abubuwa ba su buƙatar dogon bayani. Takalmi ya zama mai rufe yatsu ko mai maɗauri, mara tsini, wanda ba ya ƙwas-ƙwas a baranda, ki kuma ajiye silifas a ƙarƙashin tebur domin alwala. Jaka ta iya ɗaukar takarda ba tare da an ninke ta ba. Awarwaro masu kacau-kacau a kan tebur suna damun na kusa da ke, agogo da zobe da ƙaramin ɗan kunne sun wadatar. Humra da turaren wuta na gida ne, a rufaffen ofis suna hawa kan mutane, wani ma yana da asma, ban da abin da addini ya faɗa a kan fitar mace da ƙamshi, abin hana warin gumi mara ƙarfi ya isa. Lalle ba laifi ba ne, sai dai idan za a ɗauki hoton yatsunki domin tantance sababbin ma'aikata ki bar kan yatsun fari, saboda na'urar takan kasa karanta yatsan da ya sha lalle, hukumar JAMB ma ta sha gargaɗin ɗalibai a kan haka. Wajen wanki ki juya atamfa ciki waje, ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, kuma duk ranar da aka kawo wuta a ƙarshen mako ki goge kayan kwana biyar ki rataye.

Duk wannan da na faɗa daga nesa nake faɗa, ban ga ofishinki ba kuma ban ɗora tef a jikinki ba, doguwa da gajera ba ɗinki ɗaya ke karɓarsu ba. Idan ma'aikatarku tana da rubutaccen tsarin sutura, shi ke gaba da shawarata, don haka ranar da kika je kai takardun kama aiki ki tambayi jami'in mulki kai tsaye, ki kuma lura da abin da manyan matan wurin ke sawa, musamman wadda kika ga kowa yana gaishe ta da girmamawa. Kada ki ɗinka duka kayan kafin ki fara, ki yi kala uku, sauran ki bari sai kin yi mako biyu kin ga ko ɗakin da aka ba ki mai sanyin na'ura ne ko mai fanka, ko aikin na zama ne ko na zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Ranar Litinin ta farko ki sa doguwar rigar atamfa mai duhun launi da hijabi mara ado wanda ya shiga da ita, ki rataya katin shaidarki a saman hijabin idan an ba ki, ki sa hankici da fil biyu da ƙaramar darduma a jaka, ki fita da wuri yadda za ki isa kafin ƙarfe 8.